Nauyi Ko Kauri: Wane Bargo Ne Ya Fi Ɗumi?

Kowace shekara idan Disamba ta gabato, 'yan Birged da 'yan Sikawut na makarantarmu sukan koma gida da takardar kayan zuwa sansani. A cikin jerin akwai tabarma, bokiti, tocila, kwano da cokali, sa'an nan bargo ɗaya. Da wannan takarda iyayenmu suke shiga Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari, kuma kusan kullum cinikin iri ɗaya ne. Mai shago zai sauko da bargo daga sama, ya ɗora wa uwa a hannu, ya ce, "Mama, ɗaga ki ji nauyi. Wannan ko a Jos yaro ya kwana, ba abin da zai ji." Ita kuwa ta jinjina, ta ji hannunta ya rinjaya, sai hankalinta ya kwanta, ta biya.

Mu ma haka muka gaskata, har wata shekara da muka je sansani a bayan gari a tsakiyar hunturu. Aka ba mu manya gadajen soja masu naɗewa, watau tamfol ne kawai da aka ɗaure a kan ƙarfe. Ƙananan yara kuwa aka ce su shimfiɗa a ƙasa. Muka hau gadajenmu muna jin girma, kowa da katon bargonsa da ya sha wahalar ɗaukowa. Wajen ƙarfe huɗu na asuba duk muka farka. Ƙirjinmu da ɗumi, amma bayanmu kamar an kwantar da mu a kan ƙanƙara. In ka juya ta dama, dama ta ɗauki sanyi. In ka juya ta hagu, haka. Yaran nan kuwa, waɗanda suka tsinto kwalaye suka shimfiɗa ƙarƙashin tabarminsu, suna ta minshari da ɗan siririn bargonsu. Tun daga ranar muka soma tambaya: ashe nauyin bargo ba shi ne ɗuminsa ba?

Sanyin Kano ba wasa ba ne

Baƙo da ya zo Kano a watan Afrilu ba zai yarda ana rawar ɗari a garin nan ba. Amma a Disamba da Janairu, ko da yake da rana zafi yakan kusanci digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, da asuba yakan sauka zuwa 13 ko 14, wani dare ma ƙasa da 10. Dalili kuwa shi ne iskar hunturu busasshiya ce. Ba gajimare, ba laima a sama da za su tare zafin da ƙasa ta tara da rana, saboda haka da faɗuwar rana sai ya yi ta tserewa har gari ya waye. A watan Disamba na 1823 Baturen nan Clapperton, yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Kano, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin kwanoninsu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare.

Unguwannin da muke zaune a ciki sun daɗe da sanin wannan. Fagge tun asali zango ne a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye masu kawo gishiri daga Bilma suke sauke raƙumansu, kuma a lokacin sanyi suke isowa. Mutanen da suka kwana a fili wata da watanni ne. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya cika da mutanen kudu waɗanda kakannin da yawa daga cikinmu ne, waɗanda ba su taɓa gamuwa da irin wannan ɗari ba a garuruwansu. Har yau in ka bi ta bakin kasuwannin nan da tsakar dare za ka ga masu gadi da 'yan dako suna kwana a waje. Za mu komo kansu, gama suna da abin koya mana.

Bargo ba ya yin zafi

Abu na fari da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe shi ne, bargo ba murhu ba ne. Ba ya haifar da zafi ko kaɗan. Jikinmu ne murhun. Yana ƙona abincin da muka ci, yana tsayawa a wajen digiri 37. Aikin bargo kawai shi ne ya hana wannan zafi gudu. In kuna shakka, ku dubi mai sayar da ƙanƙara a lokacin bazara. Da me yake lulluɓe ƙanƙararsa? Da buhu, da tsumma, wani lokaci da tsohon bargo. Da bargo yana yin zafi, da ya narkar masa da jari kafin azahar. Abin da ya hana zafin waje shiga wurin ƙanƙara, shi ne yake hana zafin jikinka fita.

To, mene ne a cikin bargon yake wannan aiki? Ba zaren ba ne. Iska ce, iskar da ta maƙale a tsakanin zare ta kasa motsi. Iska mai tsayawa wuri ɗaya raguwa ce ƙwarai wajen ɗaukar zafi. Ruwa ya fi ta saurin ɗaukarsa fiye da sau 20. Shi ya sa jiƙaƙƙen zane yake sa mutum makyarkyata, gama ruwa ya kori iskar ya zauna a madadinta. Kaza ma ta san wannan darasi ba tare da ta shiga aji ba. Da sassafe a hunturu za ka gan ta ta kumbura gashinta ta zama kamar ƙwallo. Nauyinta bai ƙaru ba ko da giram ɗaya. Kaurin iskar da ke kewaye da ita ta ƙara.

Idan haka ne, tambayar da ta dace a kasuwa ba "nawa ne nauyinsa?" ba ce. Tambayar ita ce, "nawa ne kaurinsa, kuma da wane nauyi ya sami wannan kauri?" Wanda zai kwana a ɗakinsa bai damu da rabi na biyu na tambayar ba. Amma wanda zai ɗauki kayansa a ka ko a baya ya yi tafiyar kilomita da yawa, tilas ya damu.

Abin da ya faru da bayanmu

Yanzu mu koma gadon soja. Wasunmu a daren nan sun yi dabara, suka naɗe kansu cikin bargo, rabi a sama rabi a ƙasa, amma bai yi wani amfani ba. Rabin da ke ƙasa nauyin jiki ya danne shi, ya matse iskar ta fita, ya koma kamar falle ɗaya na atamfa. Ƙarƙashin tamfol kuwa ba kome sai iskar hunturu tana wucewa, tana kwashe ɗan zafin da ya ratsa, wata sabuwa mai sanyi tana maye gurbinta har safe. Wanda ya kwanta a ƙasa aƙalla ba iska mai gudu a ƙarƙashinsa. In kuma ya sa kwali, ya ci riba biyu, domin kwali yana da 'yan ramuka a tsakiyarsa masu riƙe iska, kuma ba sa rushewa duka idan an kwanta a kai.

Wannan ne mai gadin kasuwa ya sani. Kafin ya nemi abin rufa, sai ya jera kwali biyu ko uku a kan benci ko a kan siminti. Buzu yakan shimfiɗa fatar rago mai gashi. Kakanninmu a ƙauye sun wuce nan ma: sun gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, ana zuba garwashi domin tsoho ko mai jego. Duka sun gane cewa ta ƙasa ɓarawon yake shiga. Mu 'yan boko ne muka tare ƙofar gaba muka bar ta baya a buɗe.

Masu gadon lilo

Akwai mutanen da wannan matsala ta dama fiye da kowa, kuma sun auna ta da sikeli. A Amurka da Turai akwai masu sha'awar yawon daji da ƙafa, kwana da kwanaki, kome nasu a cikin jaka ɗaya. Wasunsu ba sa ɗaukar tanti. Sukan ɗaure gadon lilo na yadi tsakanin itatuwa biyu su kwana a ciki. Gadon ba sabon abu ba ne. Kolombos ya tarar da shi wurin mutanen tsibiran Karebiyan a 1492, sojojin ruwan Ingila kuma suka karɓe shi a 1597 suka yi ta kwana a cikinsa a jiragensu shekaru ɗaruruwa, da 'yar siririyar katifa a ciki. Gadon lilo ɗan'uwan gadon soja ne, har ya fi shi muni, domin yadin yana manne wa baya da kafaɗu da kwiɓi, duk abin da ka sa a tsakani sai ya matse.

Maganin da suka samo mai sauƙi ne. Maimakon su sa bargo a cikin gadon su kwanta a kai, sai su rataye shi daga waje, a ƙarƙashin gadon, da igiyoyin roba masu miƙewa. Ta haka yana lafe wa bayan mai barci amma ba a danne shi ba, kaurinsa yana nan cif. Bari mu kira shi bargon ƙarƙashi. Ba saƙa shi ake yi ba. Yadi biyu ne marasa nauyi ake ɗinkawa ɗaki-ɗaki, a cusa tattausan gashin agwagwa ko na dinya. Ba gashin fiffike mai ƙashi a tsakiya muke nufi ba, sai lallausan nan na ƙirji da ciki wanda yake kama da hayaƙi idan ka hura shi. Mafi yawansa a duniya daga ƙasar Sin yake fitowa.

Ga yadda suke gwada wani gashi da wani. Sukan ɗauki oza 1, watau wajen giram 28, su zuba a cikin ma'auni, su ga yawan wurin da ya kumbura ya cika. Lambar da suka samu ita ce za mu kira ƙarfin kumbura. Gashi mai lamba 600 yakan cika lita 10 ba kaɗan. Mai lamba 800 yakan cika lita 13 da ɗoriya. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan: abu mai nauyin wajen rabin ƙwai ya cika ƙaramin bokiti.

Bari mu yi lissafi irin na aji uku. A ce muna son bargon ƙarƙashi mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin santimita 5. Cikinsa lita 100 ke nan. In muka cika shi da gashi mai lamba 800, za mu bukaci wajen giram 215. In da mai lamba 600 ne, kusan giram 290. Kauri ɗaya, saboda haka ɗumi kusan ɗaya. Bambancin nauyi giram 75 kacal. A nan ne masu saye da yawa suke ruɗewa, kamar yadda iyayenmu suke ruɗewa da nauyi. Sukan ga 800 su ce ya fi 600 ɗumi. Ba haka ba ne. Lambar tana faɗin rashin nauyi ne, ba ɗumi ba. Bargon da aka yi wa rowar gashi mai lamba 800 zai bar ka cikin ɗari, wanda aka cika da mai lamba 600 kuwa ka yi barci. A ganinmu, ƙarin kuɗin da ake biya domin a rage giram 75 sai ga mai hawan duwatsu na makonni. Ga sauran mutane ado ne.

Da yadi da igiyoyi, cikakken bargon ƙarƙashi yakan tashi tsakanin rabin kilo da kilo ɗaya. Akwai gajere wanda ke rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa kawai, domin rage nauyi. Mai shi sai ya tusa ƙafafunsa a kan jakarsa ko wani ɗan soso. Sukan rubuta a jiki iyakar sanyin da zai iya ɗauka, da ma'aunin Faranhait. Mai lamba 40 daidai yake da wajen digiri 4 namu, mai lamba 20 kuwa wajen digiri 7 ƙasa da sifiri. Ga hunturun Kano, na farkon ma ya isa har ya yi saura.

Amma yana da nasa aibi. In ya jiƙe ya mutu murus, gashin ya manne ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, kuma yana daɗewa bai bushe ba. In ba a ɗaure shi daidai ba har aka bar rata tsakaninsa da gadon, iska ta shiga ta ratar, duk tsadarsa ta tashi a banza. Tsadar kuwa ba ta ɗalibi ba ce.

Namu na gida

Ba mu kawo labarin gashin agwagwa domin wani ya tasa iyayensa a gaba ba. Mun kawo shi ne domin ya zama ma'auni, mu jera namu kusa da shi.

Gwado da luru, saƙar hannu ta auduga, suna da kyau da ƙarko, ana gadonsu ma. Amma ta fuskar ɗumi a kan nauyi su ne a baya. Zaren a matse yake, kaurin gwado bai kai rabin santimita ba. Kafin ka sami santimita 5 da muka yi lissafi da ita sai ka jera fiye da goma, kayan jaki ke nan. Auduga kuma tana shan laima ta riƙe. Duk da haka kada mu yi musu rashin adalci. Saƙarsu mai matsi tana tare iska mai kaɗawa, nauyinsu kuma yana sa su lafe a jiki su toshe kafofin gefe. Wannan ne ɗan gaskiyar da ke cikin maganar mai shago. Wurin gwado shi ne a waje, a bisa wani abu mai laushi da kauri.

Bargon ulu ya fi, domin gashin tumaki a lanƙwashe yake, yana riƙe iska da kansa, kuma ko ya ɗan yi laima bai rasa ɗuminsa duka ba. Fulanin Masina a ƙasar Mali sun shahara da saƙa irin wannan domin makiyaya masu kwana a fili. Katon bargon zamani mai furanni ko hoton damisa, wanda ya cika Kantin Kwari, zaren roba ne. Yana da ɗumi sosai, ba ƙarya, gama yana da kauri. Sai dai sau da yawa yakan haura kilo 3, ya cinye jaka shi kaɗai. Na ɗaki ne, ba na tafiya ba.

Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne audugar rimi. Kowane zarenta bututu ne, cikinsa iska, bayansa kuma da wani maiƙo da ke hana ruwa kama shi. Saboda haka ne aka yi ta cusa ta cikin rigunan ceton masu jirgin ruwa har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin roba ta ture ta. A cikin duk abin da ƙasarmu take fitarwa, ita ce ta fi kusa da gashin agwagwa wajen kauri ba nauyi. Iyayenmu sun yi matashi da katifa da ita tun da daɗewa. Aibinta biyu: da daɗewa takan karye ta dunƙule ta zama ƙura, sa'an nan tana kama wuta kamar fetur. Wanda ya sa tela ya ɗinka masa bargon rimi ɗaki-ɗaki ya sami abu mai kyau da araha, amma kada ya kusanci kyandir ko fitilar kwai da shi.

Na shimfiɗawa kuwa dokarsa dabam. A can ba laushi ake nema ba, abin da ba ya matsewa ake nema. Tsohuwar katifar soso da ta lotse a tsakiya, irin ta ɗakunan kwananmu, a kan gadon ƙarfe mai waya, ita ma ƙofar baya ce a buɗe; mai kwana a hawa na sama ya fi sanin haka. Kwali biyu tsakanin waya da katifa sukan canza dare gaba ɗaya.

In za ku shiga kasuwa

A wurin 'yan gwanjo, a Sabon Gari ko Ƙofar Wambai, akan sami barguna masu cushe da suka fito daga Ingila. Ku duba 'yar takardar da ke ɗinke a gefe. In kun ga kalmar tog da lamba, wannan awon ɗumi ne, wanda wata cibiyar binciken tufafi a Mancesta ta ƙirƙiro a shekarun 1940. Tog 4.5 na bazararsu ne, 13.5 na tsananin sanyinsu. Amma lambar ta lokacin da yake sabo ce. Ku matse shi a hannu ku sake. In ya tashi nan da nan, yana da rai. Ku ɗaga shi sama ku duba ta hasken rana. Inda haske ya ratso sosai, cushen ya gudu daga nan, sanyi ma ta nan zai bi.

Ga wanda aka ba gadon soja a sansani, in barguna biyu gare shi, kada ya rufa da duka. Ya ɗaure ɗaya ta kusurwoyinsa huɗu a ƙarƙashin tamfol, ya ja shi har ya taɓa, kada ya bar rata. In ɗaya ne, ya nemi kwali ya shimfiɗa, ya rufa da bargon, ya sa hula da safa. Kuma duk tsananin ɗari, kada kowa ya shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mai kashe mutum yana cikin barci.

Wanda yake so ya gani da idonsa, ga gwaji na hutu. Ku sami kwalabe uku iri ɗaya, ku cika su da ruwan zafi daga tukunya ɗaya, ku toshe. Ku je wurin mai sikeli ku auna tsumman atamfa da audugar rimi, nauyi daidai wa daida. Ku naɗe kwalba ta fari da atamfar. Ta biyu ku sa ta cikin jaka ku kewaye ta da rimin a sake. Ta uku ma da rimi mai wannan nauyi, amma ku ɗaure shi tamau da igiya har ya matse. Ku ajiye su a waje bayan faɗuwar rana. Bayan awa 2 ku auna kowace da ma'aunin zafi, ko ku zuba a bayan hannu, ku rubuta abin da kuka samu, ku kawo wa malamin kimiyya idan an dawo a Janairu.